Yadda Ake Gano Matsalar Lantarki a Injin Mota Kafin a Canza Kowane Kaya

Mota ta shigo gareji, fitilar cek injin na kunne. Aka jona kwamfuta, ta fito da lamba, aka kawo sabuwar sensa aka ɗaura. Kwana uku fitilar ta dawo. Duk wanda ya daɗe yana taɓa motocin zamani ya san wannan labari, wani ma da shi aka yi. An bar jaki ne ana dukan taiki. Lambar da kwamfuta ke nunawa ba sunan kayan da ya mutu ba ne, sunan layin da ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, ta ji wani abu bai yi mata daidai ba ne. A kan layin nan kuwa akwai sensa, akwai waya, akwai soket, akwai fiyus, akwai at (hanyar da wuta ke bi ta koma batir), akwai ita kanta ƙwaƙwalwar da makanikai ke kira biren bos. Ko wanne daga cikinsu na iya jawo lamba iri ɗaya. Aikinka shi ne ka bi su da awo har ka kama mai laifin.

Kayan aikin ba su da yawa. Malti-mita ta dijital, fitilar gwaji mai LED, na'urar karanta lamba wadda ke nuna bayanan injin yana cikin aiki, da zanen wayoyin ainihin motar da ke gabanka. Na ƙarshen nan shi mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ya fi komai amfani. Wanda ya shiga wayoyin mota ba zane, lalube yake yi cikin duhu. In hali ya yi a ƙara osiloskof, na'urar da ke zana sigina a allo, amma ba sai da ita za a fara ba.

Wurare biyu ne ba a wasa da su. Duk soket ko waya mai launin rawaya, galibi ta jakar iskar kariya ce, kada ka sa mata mita ko fitila don jakar za ta iya fashewa a fuskarka. Wayoyi masu kauri masu launin ruwan lemo a motar da ke haɗa fetur da lantarki kuwa suna ɗauke da ɗaruruwan volt, kisa suke yi. In ba ka sami horo a kansu ba, ka bar su.

Mataki na farko: tambaya

Kafin ka ɗaga bonet, ka zauna da mai motar. Yaushe abin ya fara? Da sanyin safiya yake yi, ko sai injin ya ɗauki zafi? A silo, ko sai an taka totur? In an shiga rami ko gargada fa? Bayan ruwan sama ko wankin inji? Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: wa ya taɓa motar na ƙarshe, me kuma ya yi? Sabuwar rediyo, na'urar bin sawu, ƙarin fitilu, canjin batir, walda a jikin mota, duk waɗannan sukan bar ɓaraka a baya. Daga nan ka sa motar ta yi abin a gabanka. Gani ya kori ji. Matsalar da ba ka gani da idonka ba, ba yadda za a yi ka tabbatar ka gyara ta.

Mataki na biyu: batir da at

Nan zan daɗe, domin nan ne aka fi tsallakewa.

Kashe injin, bar motar ta ɗan huta, ka auna kan batir. Batir mai cikakken caji zai nuna wajen volt 12.6. In ya nuna 12.2, ya kai rabi ke nan. Ƙasa da 12 kuwa ya kwanta, a yi masa caji tukuna kafin a ci gaba da kowane bincike. Sai ka bar mita a jone, wani ya yi maka kik. Lokacin da sitata ke juyawa bai kamata wuta ta faɗi ƙasa da volt 9.6 ba. In ta faɗi, ƙwaƙwalwar injin na iya ɗaukewa na ɗan lokaci ta dawo, ta bar maka tarin lambobi marasa tushe. In injin ya tashi, altaneta mai lafiya takan ba da tsakanin 13.5 zuwa 14.7. Sai dai a sababbin motoci ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa caji, wani lokaci takan rage shi da gangan in batir ya cika, don haka ka kunna fitilu da fanka ka ga ko zai hau kafin ka yanke wa altaneta hukunci.

Yanzu sai at, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin mota da na injin ta koma nagetif ɗin batir. Kuskuren da ake yi shi ne a auna waya da sashen om na mita, mai auna juriya, ta nuna sifiri, a ce lafiya lau. Kebul mai silili ɗari, in casa'in da tara sun tsinke saura ɗaya, mita za ta ce maka hanya a buɗe take, domin wutar da take turawa ba ta taka kara ta karya ba. Ranar da sitata ta nemi amfiya ɗari da wani abu, sililin nan ɗaya ba zai iya ba. Don haka ake auna faɗuwar wuta, kuma ana auna ta ne layin yana cikin aiki.

Ga yadda ake yi. Sa mita a volt. Baƙin tsinke a kan ƙarfen nagetif na batir, ainihin ƙarfen, ba kan da aka ɗaure masa ba. Jan tsinke a jikin injin, wuri mai tsabta. A yi kik. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. In ya wuce kamar volt 0.3, akwai tsatsa ko sako-sako a wani wuri. Ka maimaita daga fozitif na batir zuwa babban noti na sitata, nan ma kada ya wuce rabin volt. A wayoyin at na ƙwaƙwalwa da na sensa an fi tsanantawa, ana so ya tsaya ƙasa da 0.1. In ka ga ya yi yawa, ka riƙa matso da tsinken gaɓa-gaɓa, inda lambar ta faɗi kwatsam, nan ciwon yake.

Na taɓa shafe yini biyu a kan wata mota da ke mutuwa duk sanda aka kunna fanka, tana zubo lambobin sensa har guda biyar. Ashe noti ɗaya ne na at a bayan injin, wanda wani ya kwance lokacin da ya sauke giya, ya mayar da hannu bai ɗaure ba. Tun daga ranar ban ƙara jona kwamfuta ba sai na gama da at.

Mataki na uku: ido da hannu

Wannan ba ya cin lokaci. Bi wayoyi ka duba inda suka goga da ƙarfe, inda suka kusanci salansa suka narke, inda ɓera ya ci. Zare soket ka leƙa ciki, koren tsatsa alamar ruwa ce, baƙi alamar zafi. Fiyus kuma ba a duba shi da ido kawai. Kunna makulli, ka taɓa ƙananan ƙarafa biyun da ke bayansa da fitilar gwaji. Wuta a gefe ɗaya babu a ɗayan, ya ƙone. In ka sa sabo ya sake ƙonewa, akwai shot a layin. Kada ka ƙara masa girma, kada ka naɗa masa silin waya. Fiyus wayar yake karewa, in ka hana shi ƙonewa wayar ce za ta ƙone a madadinsa, wani lokaci har da motar.

Mataki na huɗu: karanta lamba, amma kada ka goge

Soket ɗin da ake jona kwamfuta yana ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, mai ramuka 16. Tsarin ana kiransa OBD-II. Amurka ta wajabta shi a kan motoci tun daga ƙirar 1996, Tarayyar Turai ta bi da irin nata a motocin fetur a 2001, na dizal suka biyo baya. In na'urarka ta ƙi kunnuwa sam, auna rami na 16, nan wutar batir take kullum, rami na 4 da na 5 kuma at ne. Sau da yawa fiyus ne kawai, a wasu motocin ma shi ne na wurin cajin waya.

Lambar tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. P na injin da giya ne, B na jikin mota, C na birki da sitiyari da makamantansu, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. In sifiri ya biyo bayan P, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. In 1 ne, ta kamfanin da ya ƙera motar ce, sai an duba littafinsa.

Rubuta duk lambobin. Sannan ka buɗe hoton da ƙwaƙwalwa ta ɗauka a daidai lokacin da matsalar ta faru: gudun injin nawa ne, zafinsa nawa, motar na tafiya ko tana tsaye, nauyin da ke kanta nawa. Wanda ya yi saurin goge lamba ya goge wannan shaida, ya mayar da kansa baya.

In lambobi sun yi yawa, kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Nemi abin da ya haɗa su. Sensa huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya. Ko dai fiyus ɗaya suke sha, ko at ɗaya, ko layin volt 5 ɗaya. In akwai P0562, wadda ke nufin wutar mota ta yi ƙasa, da ita za ka fara, sauran na iya zama 'ya'yanta.

Wani abu kuma: in fitilar cek injin tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, injin yana tsallake wuta sosai har ɗanyen fetur na shiga salansa. A tsayar da motar, in ba haka ba katalis ɗin da ke tace hayaƙi a cikin salansa zai narke.

Mataki na biyar: saurari abin da injin ke faɗa

Nan ne aikin ke da daɗi. Buɗe bayanan da ke gudana kai tsaye. Fara da injin a sanyaye, makulli a kunne, ba a tayar ba. Motar da ta kwana a ajiye, zafin ruwan lagireto da zafin iskar da ke shiga injin ya kamata su zo kusan ɗaya, su kuma yi daidai da yanayin wurin. In ɗaya ya nuna digiri 40 ƙasa da sifiri, ba sanyi ba ne, layin ne a yanke, ko soket a zare. In ya nuna zafin da ya wuce hankali, wayar ta haɗu da at. Sensar zafi juriyarta raguwa take yi in ta ɗumama: a yawancin motoci wajen om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 in injin ya kai digiri 80. Taka totur a hankali ka ga awon sensarsa na hawa sumul ba tsalle. A volt, yawanci daga wajen 0.5 ne zuwa 4.5.

Sai a tayar da injin ya yi zafi, ka nemi abin da ake kira gyaran mai, wanda na'ura ke nunawa da STFT da LTFT. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Sensar oksijin da ke salansa tana shaƙar hayaƙi ta gaya wa ƙwaƙwalwa ko an dace. Irin ta da, takan yi ta lilo tsakanin volt 0.1 da 0.9. In iska ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, lambar gyara ta hau sama da sifiri. In mai ya yi yawa ta rage, lambar ta sauka ƙasa da sifiri. Haɗa lambobin biyu. In jimillar tana cikin kashi 10 sama ko ƙasa, ba laifi. In ta haura haka, akwai magana.

A ce ka sami P0171, wato mai ya yi kaɗan a haɗin. Da yawa nan take za su canza sensar oksijin, alhali ita gaskiya ta faɗa. Duba gyaran mai a silo, sannan ka riƙe injin a juyi 2,500 a minti ka sake dubawa. In a silo yana kan 20 amma da ka taka ya sauko kusa da sifiri, iska ce ke satar hanya ta wani tsagaggen tiyo ko gasket. Dalili kuwa, a silo iskar da injin ke ja kaɗan ce, ɗan ƙaramin rami sai ya yi tasiri, in an buɗe totur kuma sai ya ɓace cikin yawa. In kuwa akasin haka ne, a silo lafiya amma yana hawa in an taka, to man ne ba ya isa: famfon mai ya gaji, ko tacensa ya toshe, ko kuma sensar awon iska ta yi datti tana rage lissafi. Lamba ɗaya, cuta iri biyu, kuma minti biyar sun isa a raba su ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba.

Haka P0420, wadda ke nufin katalis ba ya aiki yadda ya kamata. Kafin a ce katalis ya mutu, a duba ko salansa na yoyo kusa da sensa, a kuma kwatanta sensar oksijin da ke gaban katalis da ta bayansa. Ta baya ya kamata ta zauna kusan wuri ɗaya. In tana kwaikwayon lilon ta gaba, to lallai katalis ya daina aiki, amma sai ka tambayi kanka me ya kashe shi, don abin da ya ci na farko zai ci sabon.

Mataki na shida: auna layin da ake zargi

Yawancin sensa masu waya uku tsarinsu ɗaya: volt 5 daga ƙwaƙwalwa, at, da wayar sigina mai mayar da amsa. Kunna makulli, ka auna ta bayan soket yana jone, da siririn tsinke. Kada ka huda rigar waya, ramin nan ruwa zai bi, bayan wata shida ta ruɓe daga ciki. Kada kuma ka cusa tsinken mita mai kauri ta gaban soket, zai buɗa bakin ƙarfen ya daina kamawa, ka haifar da sabuwar matsala da hannunka.

Akwai 5? Akwai at mai kyau? In duka biyun suna nan amma sigina ba ta motsi yadda ya dace, yanzu kana da hujjar zargin sensa. In sigina tana fita daidai a bakin sensa amma kwamfuta na nuna wani abu dabam, wayar da ke tsakani ce, sai ka auna a bakin ƙwaƙwalwa ka kwatanta. In babu 5 ɗin gaba ɗaya, kada ka yi saurin cewa biren bos ya ƙone. Sensa da yawa layi ɗaya suke sha, in ɗaya ta yi shot a cikinta sai ta janye wutar kowa, har mota ta ƙi tashi. Bar mita a jone, ka riƙa zare su ɗaya-ɗaya. Wadda ka zare 5 ta dawo, ita ce.

Ga matsalar da ke zuwa tana tafiya, sa ido a kan mita ko allon na'ura, ka riƙa girgiza wayoyi da soket a hankali, sashe-sashe. Inda lamba ta yi tsalle ko injin ya yi tari, ka tsaya nan.

A kan wayoyin ƙwaƙwalwa, fitilar gwaji mai ƙwan fitila na gargajiya ba ta da wuri. Tana jan wutar da ta fi ƙarfin ƙananan sassan da ke ciki.

In injin na juyawa amma ya ƙi tashi

Kunna makulli ka kasa kunne. Famfon mai zai yi ƙara na kamar daƙiƙa biyu ya yi shiru. Fitilar cek injin ta kama? In ba ta kama ba sam, wataƙila ƙwaƙwalwar ba ta samun wuta, sai a nufi babban rile da fiyus ɗinta. In fitilar makulli na ƙiftawa, tsarin hana sata ne bai gane makullin ba.

Sai a yi kik kana kallon juyin injin a na'ura. In ya tsaya a sifiri alhali injin na juyawa, ƙwaƙwalwa ba ta ganin sensar kiranshaf, kuma muddin ba ta gan ta ba, ba za ta ba da wuta ko mai ba. Lambarta P0335, amma ba kullum take fitowa ba. Sensar iri biyu ce. Mai maganaɗisu da naɗin waya da kanta take haifar da wuta mai kai da komo in haƙoran ƙarfe na wucewa ta gabanta, ana iya ganinta a sashen AC na mita lokacin kik. Ɗaya irin kuma sai an ba ta wuta, tana fitar da sigina mai kunnawa da kashewa. Halin wannan sensa ne ta yi aiki da sanyi, ta ɗauke in ta yi zafi, ta dawo bayan rabin awa. Duk motar da aka ce tana mutuwa a hanya sai ta huce take tashi, ka fara tunaninta.

In juyi na fitowa, duba injekta. Waya ɗaya tana da wutar batir in makulli na kunne, ɗayar kuma ƙwaƙwalwa ce ke haɗa ta da at tana saki. Fitilar LED a tsakaninsu za ta riƙa ƙiftawa lokacin kik. Juriyar injektan da aka saba gani tana wajen om 12 zuwa 16. Wannan bai shafi masu fesa mai kai tsaye cikin silinda ba, su wutarsu da matsin mansu sun fi haka nesa ba kusa ba.

In kuwa injin na tashi amma yana rawa, kuma ka sami P0302, silinda ta biyu ce ke tsallake wuta. Musanya koyil ɗinta da na ta uku, ka sake gwadawa. In lamba ta koma P0303, koyil ne. In ta tsaya, musanya fulogi, sannan injekta. In duk ba ta motsa ba, ajiye mita ka ɗauko ma'aunin kwamfireshan, don matsalar ta bar hannun mai waya ta koma ta bawul ko ring.

Lambobin U da layin sadarwa

Motar yau tana da kwamfutoci da dama, suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare. Tsarin sunansa CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986, kuma daga ƙirar 2008 ya zama dole a soket ɗin gwaji na motocin Amurka. In ka ga U0100, wato an daina jin ƙwaƙwalwar injin, fara da wutarta da at ɗinta, don wanda ba shi da rai ba ya magana. Daga nan cire nagetif na batir, ka auna juriya tsakanin rami na 6 da na 14. Om 60 ake nema, saboda akwai juriya biyu masu om 120 a ƙarshen layin biyu. In ka ga 120, ɗaya ta fita daga layi ko waya ta yanke. Kusa da sifiri, wayoyin sun haɗe. A wasu sababbin motoci akwai kwamfutar da ke tsaye a matsayin mai gadi tsakanin soket da sauran layin, a irinsu sai an bi zane an auna daga ciki. In an mayar da batir aka kunna makulli, waya ɗaya takan yi wasa tsakanin volt 2.5 da 3.5, ɗayar tsakanin 2.5 da 1.5.

 Dalilin da ya sa ake toshe ƙarshen layin CAN da om 120 shi ne don kada sigina ta bugi ƙarshen waya ta dawo ta rikita ta bayanta.    

   

Batir da ke kwanciya cikin dare

Kashe komai, cire makulli, ka danne maɓallan ƙofa da na bonet yadda motar za ta ɗauka a rufe take. Jona mita a sashen amfiya 10 tsakanin nagetif na batir da kebul ɗinsa. Kada a yi kik a haka, fiyus ɗin mita zai tashi. Sai haƙuri, don wasu motocin sukan kai rabin awa ko fiye kafin kwamfutocinsu su yi barci. Bayan nan abin da ake sha ya kamata ya sauko ƙasa da miliamfiya 50. In ya fi haka, a da sai a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya. A motar zamani yin haka na tashin kwamfutocin daga barci, ka koma jira daga farko. Ya fi kyau ka ɗauko mita ta biyu a sashen milivolt, ka taɓa ƙarafa biyun bayan kowane fiyus. Wanda wuta ke bi ta cikinsa zai nuna ɗan abu, sauran sifiri. In babu fiyus ɗin da ya nuna komai, zargi altaneta, diyod ɗinta in ya lalace yakan bar wuta ta koma baya.

Ƙwaƙwalwar injin ita ce ta ƙarshe

Tana lalacewa, ba a ce ba ta yi ba, musamman in ruwa ya shige ta, ko an juya kan batir, ko an yi walda ba a cire ta ba. Amma ba a yanke mata hukunci sai an tabbatar da abu huɗu a bakin soket ɗinta: duk wayoyin wutarta na kawo wuta, duk at ɗinta na da kyau a ƙarƙashin nauyi, siginar da take buƙata na isowa, kuma abin da take sarrafawa bai yi shot ba. Na ƙarshen nan kada a manta da shi. Koyil ko injekta mai shot da ya ƙona tsohuwar zai ƙona sabuwar cikin daƙiƙa. A yawancin motoci kuma sabuwar sai an haɗa ta da makulli da lambar motar ta kwamfuta kafin ta tashi.

In ka gama gyara, haɗin waya a yi shi da matsi mai kyau ko dalma, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ba a murɗe a naɗe da salatif ba. Yanzu ne lokacin goge lamba. Sannan ka fita da motar a irin yanayin da hoton farko ya nuna: in a zafi ta yi, a gudun kilomita 80, to a nan za ka gwada ta, ba a tsaye a gareji ba. Wasu lambobin sai matsalar ta faru a tafiya biyu a jere kafin fitila ta kama, don haka rashin ganin fitila a ranar farko ba hujja ba ce. Buɗe sashen lambobi masu jiran tabbaci ka ga ko wata ta laɓe a can, ka duba gyaran mai ya dawo kusa da sifiri, ka kuma ga gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta sun nuna an kammala. In sun kammala ba lamba, ka mayar wa mai mota makullinsa tare da tsohon kayan da ka cire.